Martani: Saniyar kiwo ba ta ci tuwon kowa ba

Kwanakin baya wani marubuci ya fitar da maƙala a kan yunwa da tsadar abinci a ƙasar Hausa, ya kuma jingina hujjarsa da wata ƙa'ida ta ilimin muhalli. A taƙaice ya ce duk lokacin da wata halitta ta ci wata, kashi goma kacal cikin ɗari na makamashin da ke jikin abin da aka ci ne yake zama a jikin wanda ya ci, sauran casa'in ɗin sun bi iska. Saboda haka, in ji shi, kiwon shanu asara ce tsagwaronta, domin filin da zai ciyar da mutum goma da gero, in aka bar wa shanu mutum ɗaya zai ciyar. Shawarar da ya kawo ita ce a nome burtali da makiyaya da dazuzzukan kiwo, a rage garke, wanda kuma yake son nama ya nufi gidan gonar kaji ko wurin shanun da aka killace ana ɗura musu abinci.

Ƙa'idar gaskiya ce, Malam bai ƙirƙire ta ba, tana nan a littattafan ɗaliban sakandare. Hukuncin da ya gina a kanta ne bai tsaya da ƙafafunsa ba. Kuma a lokacin da jini ke zuba tsakanin manoma da makiyaya, ba ƙaramin ganganci ba ne a ce wa ɓangare ɗaya kimiyya ta riga ta yanke hukunci a kan ɗayan. Shi ya sa na ga ya kamata a warware maganar daki-daki.

Mu fara da ita ƙa'idar. Sanin cewa halittu suna rayuwa ne a kan juna tsoho ne. Al-Jahiz, malamin Basra na ƙarni na tara, ya bayyana a Kitabul Hayawan yadda dabba ke farautar wadda ta fi ta rauni, ita ma wadda ta fi ta ƙarfi tana nemanta. A 1927 Charles Elton na Ingila ya tsara zancen a littafinsa, ya nuna yadda yawan halittu ke raguwa in ana hawa sama a sarƙar abinci. Ko yaro mai kiwon awaki ya san haka: ciyawa ba ta ƙirguwa, fara na da yawa, ƙadangaru ba su kai fara ba, shaho kuwa sai ɗaiɗaiku. Wanda ya mayar da batun ya zama lissafin makamashi shi ne Raymond Lindeman, wani matashi Ba'amurke da ya shafe shekaru yana auna rayuwar wani ɗan tafki mai suna Cedar Bog a jihar Minnesota. Takardarsa ta fito a 1942, watanni kaɗan bayan rasuwarsa yana da shekara 26.

Abin da Malam bai faɗa wa masu karatu ba shi ne Lindeman bai sami goma a tafkin nasa ba. Daga tsirrai zuwa masu cin tsirrai ya sami kimanin kashi 13, daga su zuwa masu cinsu kimanin kashi 22. Bayansa Howard Odum ya auna wani marmaro mai suna Silver Springs a Florida, ya wallafa sakamakon a 1957. A kowane murabba'in mita, cikin shekara guda, tsirran ruwan sun kama kilokalori 20,810 daga hasken rana, wato ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin ɗari na hasken da ya sauka. Masu cin tsirrai sun sami 3,368, masu cin su 383, manyan mafarauta na can ƙoli kuwa 21 kawai. In ka buga lissafi za ka ga kashi 16, sai 11, sai 5 da ɗoriya. Goma dai matsakaici ne da malamai suka riƙe don sauƙin koyarwa. Kowane wuri da kowace halitta suna da nasu adadin.

Ina sauran ke tafiya? Hanya uku ce. Wani ɓangare ba a ma ci shi ba, kamar saiwa da ƙaya da ƙashi da ganyen da ya bushe ya faɗi. Wani an ci amma ciki bai narkar ba, ya fita a kashi. Mafi yawan wanda ya narke kuma jiki ne ke ƙone shi wajen numfashi da tafiya da bugun zuciya, ya fita a matsayin zafi, kuma zafin da ya fita ba ya komawa cikin sarƙar har abada. Abin ya yi kama da kuɗin da ke ratsa hannun dillalai, kowa sai ya cire la'adarsa kafin ya miƙa gaba. Wannan ne dalilin da ya sa sarƙar abinci ba ta cika wuce mataki huɗu ko biyar ba, kuma shi ya sa a dajin Yankari gwanki da ɓauna suka ninka zaki yawa nesa ba kusa ba.

Zan ma ƙara wa Malam hujjar da bai kawo ba. Saniya ba ta kai goman nan ba. Dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna ƙone kusan duk abin da suka narkar don riƙe ɗumin jikinsu, abin da ke zama tsoka da kitse da nono bai cika wuce kashi biyu ko uku ba. Har akwai wanda ke fita a gyatsar saniya a matsayin iskar metan. Don haka in a kan yawan abin da ke zubewa ne, Malam ya ma rage. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba.

Tambayar da maƙalar ta tsallake ita ce: casa'in ɗin da suka tafi, da ma abincin wa ne? Lissafin mutum goma da mutum ɗaya yana aiki ne kawai idan abin da saniya ta ci abu ne da mutum zai iya ci. Ciyawa ba gero ba ce. Kaso mai yawa na makamashin da ke cikin ciyawa da kara yana ƙulle ne a cikin wani sinadari mai suna selulos, wanda cikin ɗan Adam ba shi da abin warware shi. Ka dafa gamba ko ƙyasuwa yini guda ka ci, yadda ta shiga haka za ta fita. Saniya da tunkiya da akuya da raƙumi kuwa an halicce su da tumbi, inda ƙwayoyin halitta marasa adadi ke ruɓar da ciyawar, dabbar ta dawo da ita baki ta yi tuƙa, ta sake haɗiyewa, har abin ya zama wanda jini zai ɗauka. Kashi biyu ko ukun da ta mayar nono da nama ba ragowar wani babban rabo ne da aka ƙwace mana ba. Riba ce daga inda rabonmu bai wuce sifili ba.

Ba sai an je daji ba, a duba gonar manomi kanta bayan kaka. An yanke gero an ɗaure dammuna an kai rumbu. Me ya rage? Kara a tsaye ko a kwance, ganyen dawa, harawar wake da ta gyaɗa da ake naɗewa a ɗora a kan rufin soro ko a rassan bishiya don kada dabba ta kai gare ta kafin lokaci. A gida kuma ga ƙaiƙayi bayan sussuka, ga dusa bayan surfe, ga kowar wake. A irin gero da dawarmu masu dogon kara, ƙwayar da muke ci ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin shukar ba. Wato ko a gonar da Malam yake yabo, yawancin abin da rana ta gina a damina ba ya shiga tukunya. Ragon da uwargida ta ɗaure a turke tana ba shi harawa da dusa da ruwan tsari, har ya yi ƙiba a sayar gab da Babbar Salla, shi ne hanyar da wannan kaso ke bi ya dawo gidan a matsayin kuɗin makaranta ko kayan ɗaki. Wa ya ƙwace wa abinci?

Sai tambaya ta biyu. In aka kori shanu daga daji, makamashin ciyawar rumbu zai nufa? Maƙalar ta zana sarƙar abinci kamar layi ɗaya miƙaƙƙe, ciyawa zuwa saniya zuwa mutum. A zahiri abin saƙa ce mai rassa. Ciyawar da saniya ba ta ci ba fara za ta ci, ko gara ta kwashe ta kai shuri, ko ta ruɓe ƙwayoyin ƙasa su cinye, ko kuma gobarar daji ta lashe ta da rani cikin sa'a guda. An ga wannan ƙarara a dajin Serengeti na Tanzaniya. Cutar bushiya, wadda ta taɓa karkashe shanun Afirka a ƙarshen ƙarni na 19, ta daɗe tana danne yawan wata dabbar dawa mai cin ciyawa da Swahili ke kira nyumbu. Da aka yi wa shanun kewayen dajin allurar rigakafi cutar ta kau a farkon shekarun 1960, sai yawan dabbar ya tashi daga ƙasa da dubu 300 zuwa sama da miliyan ɗaya kafin ƙarshen shekarun 1970. Da masu cin ciyawa suka yawaita, busasshiyar ciyawar da wuta ke ci ta ragu, gobara ta ragu, ƙananan bishiyoyi suka sami damar girma. Makamashin bai ƙaru ba, bai ragu ba, hanya kawai ya sauya daga bakin wuta zuwa bakin dabba.

Malam zai ce ai ba cewa ya yi a bar ciyawar ba, cewa ya yi a nome filin. To, a nan ma sai a tambayi ruwan sama. Gero, duk da juriyarsa, yana da iyaka. Jamhuriyar Nijar ta san da haka tun 1961, lokacin da ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayan layin ga makiyaya, domin ruwan da ke sauka a can ba ya isar shuka a yawancin shekaru. A shekarun 1950 zuwa farkon 1960, da damina ta yi ta kyau, manoma sun yi ta kutsawa arewa suna sheme filayen kiwo. Da farin 1968 zuwa 1974 ya zo, sannan na 1984, gonakin nan ba su ba da hatsi ba, ciyawar da ke riƙe da ƙasar kuma an riga an tuge ta, iska ta kwashi rairayi ta rufe abin da ya saura. Amurka ma ta sha irin wannan a shekarun 1930, bayan an kafta garma a filayen ciyawa na tsakiyar ƙasar, fari ya zo, guguwar ƙura ta kwashe ƙasar noma ta kori dubban iyalai daga gidajensu.

A irin wannan ƙasa ruwa ba ya sauka bai ɗaya. Bana ya yi a nan, baɗi ya yi a can. Gona ba ta da ƙafar bin hadari, garke yana da ita. Makiyayin da ya haura arewa da damina har zuwa In-Gall don dabbobinsa su ci sabuwar ciyawa su lashi gishiri, ya gangaro kudu da kaka, yana tattara makamashin rana ne daga wuraren da ba wanda zai iya girbe shi da lauje. Masu bincike biyu 'yan ƙasar Holan, Breman da de Wit, sun wallafa a mujallar Science a 1983 cewa kiwon yawo a Mali yana fitar da furotin a kowace kadada fiye da killatattun gandayen kiwo na Amurka da Ostareliya da ke samun ruwan sama kwatankwacin nasa. A duniya baki ɗaya, wani bincike na masanan Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Anne Mottet ta jagoranta a 2017, ya nuna cewa cikin kimanin hekta biliyan biyu na filayen ciyawa da dabbobi ke kiwo a kai, kusan miliyan 700 ne kawai za su nomu.

Akwai kuma abin da maƙalar ta cakuɗa, wato makamashi da sinadaran ƙasa. Makamashi hanya ɗaya yake bi, daga rana ya shigo, a zafi ya fita. Sinadaran da shuka ke sha kuwa, irin su naitirojin da fosfaras, zagayawa suke yi, kuma dabba tana cikin masu zagaya da su. Kashin saniya da Malam ya lissafa a cikin asara shi ne taki. Buzuzu ya mulmula ya binne, gara da ƙwayoyin ƙasa su ci sauran makamashin da ke ciki, sinadaran su koma ƙasa gero ya sha. Kakanninmu ba su karanta Lindeman ba, amma sun san dalilin da ya sa manomi ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa da rani, har ya ba shi hatsi da ruwan rijiya, shanu su ci kara su bar taki. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe ana noma ta shekara bayan shekara ba hutu, da jama'a masu yawan gaske a kanta, kuma masu bincike irin su Michael Mortimore sun nuna cewa takin awaki da tumaki da shanu da jakuna ke kaiwa gona da mangala yana cikin sirrin ɗorewarta. Ka cire dabba daga wannan tsari, sai manomi ya koma jiran buhun takin zamani a farashin da kowa ya sani.

Yanzu mu zo kan maganin da Malam ya rubuta mana, domin a nan ne ƙa'idar tasa ta juyo kansa. Kazar gidan gona gwana ce wajen mayar da abinci nama, da kilo biyu na abinci ko ƙasa da haka takan ƙara kilo ɗaya. Amma mene ne a cikin buhun abincin nata? Masara da waken soya, waɗanda aka noma a ƙasa mai kyau, da taki, wani lokaci har da ban ruwa. Kaza ba ta da tumbi, ba ta iya rayuwa a kan kara. Masarar da ta ci ita ce wadda za a niƙa a tuƙa tuwo, kuma duk wanda ke zuwa kasuwar Dawanau ya san cewa idan masu haɗa abincin kaji suka shigo saye, mai sayen kwano ɗaya yana ji a jikinsa. Saniyar da aka killace ana ɗura mata hatsi ta fi muni, don takan ci kilo shida ko fiye kafin ta ƙara kilo ɗaya. Binciken 2017 ɗin nan ya ba da hoton gaba ɗaya: kashi 86 cikin ɗari na abin da dabbobin kiwo ke ci a duniya abu ne da mutum ba ya ci, amma duk da haka suna cinye kashi ɗaya cikin uku na hatsin da duniya ke nomawa. A matsakaici, kilo ɗaya na tsokar dabbobi masu tuƙa yana cin kilo 2.8 na abincin da mutum zai iya ci, na kaji da aladu kuwa kilo 3.2. Saniyar Bafulatani da ba ta taɓa ganin buhun masara ba tana can ƙasa da wannan matsakaici. Wato Malam ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago: ya soki dabbar da ba ta taɓa rumbu, ya yabi wadda daga rumbu take ci.

Da a ce yawan abin da ke wucewa daga mataki zuwa mataki ne kaɗai ma'auni, da ba kaza zai nuna mana ba. Da kifi zai nuna, da fara. Halittun da ba sa ƙone abinci don ɗumama jiki suna mayar da kaso mafi girma na abin da suka ci ya zama tsoka, kuma soyayyar fara da yaji ba baƙuwa ba ce daga Maraɗi har Maiduguri. Sannan kalori ba shi ne duka abinci ba. Yaron da ya ƙoshi da tuwo zalla yana iya tsumburewa, domin hatsi yana da ƙarancin wasu sinadaran gina jiki, bitamin B12 kuma ba ya samuwa daga gero ko dawa. Wanda ya fara dama fura da nono ya haɗa mataki na ɗaya da na biyu a ƙwarya guda, kuma jikin yaro ya fi amfana da haɗin fiye da kowannensu shi kaɗai.

Ba ina cewa kiwo ba shi da laifi ba ne. Garken da ya wuce ƙarfin makiyaya yana cinye ciyawa tun kafin ta zubar da iri, ya tattake ƙasa a bakin rijiya har ta daina tsiro. Shanun da aka tura cikin gonar da ba a girbe ba sun ci tuwon wani, kuma wannan ɓarna ce da ya wajaba a biya diyyarta, a hukunta mai yi da gangan. Jama'a sun ƙaru, fili bai ƙaru ba, fadamun da garke ke sauka da rani yanzu noman rani ake yi a cikinsu. Waɗannan matsaloli ne na gaske, kuma maganinsu yana wajen shata burtali da kare shi, da raya wuraren kiwon da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta tanada, da sanya lokacin sakin gonaki bayan girbi, da alƙalan da ba sa karɓar na goro daga kowane ɓangare. Ba ɗaya daga cikinsu da ƙa'idar kashi goma ta warware.

Idan Malam yana son ya yi amfani da ilimin sarƙar abinci wajen yaƙi da yunwa, ga ma'aunin da ilimin ya ba shi. A kan kowace dabba ya yi tambaya biyu: abin da ta ci, mutum zai iya ci? Ƙasar da abincin ya fito, za ta iya ba da hatsi shekara da shekaru ba tare da ta mutu ba? Inda amsar ta zama e, to a yi hattara, hatsin ya fara zuwa bakin mutum. Inda ta zama a'a, dabbar ce kaɗai hanyar da za mu ci daga wannan fili. Ya ɗauki wannan ma'auni ya sake auna burtali da gidan gonar kaji, sannan ya faɗa wa masu karatu wanne ne ya fi kusa da rumbun talaka.